Yadda Za Ka Kamo Matsalar Ƙarfin Juyi a Simuleshin ɗin Injin Indokshin

Ƙorafin da ɗaliban injiniyan lantarki suka fi kawowa lokacin aikin kammala karatu kusan iri ɗaya ne. An haɗa injin indokshin a Simulink, manhajar kwaikwayon aikin na'urori ta MATLAB, an danna ya tashi, sai layin Te, wato ƙarfin juyin da injin ke bayarwa, ya fito ba yadda malami ya zana a allo ba. Ko ya kwanta a sifili, ko ya nutse ƙasa da sifili, ko ya yi ta karkarwa har lokaci ya ƙare, ko kuma inji ya kama juyawa da baya. Daga nan sai a shiga lalube, a ƙara wannan lamba a rage waccan, har zanen ya ɗan yi kyau a ido. Lalube ba ya warware wannan matsala. Kowane kuskure da irin sawun da yake bari: wanda ke mayar da ƙarfin juyi rabi daban, wanda ke ninka shi uku daban, kuma abin da ke sa shi karkarwa sau 100 a daƙiƙa ba shi ne ke sa shi karkarwa sau 300 ba. Sai dai ba ka gane sawun har sai ka san abin da ya kamata ka gani.

Mataki na 1: Ajiye kwamfuta, ɗauko takarda

Za mu yi aiki da injin kilowat 4, bolt 400, 50 Hz, mai zagaye 1430 a minti, wanda ke cikin jerin injunan da bulok ɗin Asynchronous Machine ke zuwa da su. Turjiyar sitato Rs = 1.405 om, ta roto Rr = 1.395 om, indoktans na yoyo 0.005839 H a kowane ɓangare, indoktans na maganaɗisu Lm = 0.1722 H, nauyin juyawar roto (inertia) J = 0.0131 kg·m², fol 4.

Gudun filin maganaɗisu shi ne 120 × f ÷ adadin fol, wato 120 × 50 ÷ 4 = 1500 rpm, ko 157.08 rad/s. Silif (s), wato kason da gudun roto ke gaza gudun filin da shi, a cikakken lodi (1500 − 1430) ÷ 1500 = 0.047. Ƙarfin juyin da aka ƙera injin dominsa shi ne 9550 × kilowat ÷ rpm, wato kimanin 26.7 N·m.

Waɗannan uku kowa yana iya fitar da su. Wanda ake yi wa kasala shi ne lissafin da'irar kwatankwaci, alhali shi ne mai amfanin. Mayar da indoktans zuwa riyaktans ta hanyar ninkawa da 2πf: na yoyo ya zama 1.83 om, na maganaɗisu 54.1 om. Boltej na fes ɗaya 400 ÷ √3 = 230.9. Idan ka dunƙule ɓangaren sitato da ƙa'idar Thevenin za ka samu bolt 223 (Vth), turjiya 1.31 om (Rth), riyaktans 1.81 om (Xth). Sai ka saka a wannan, inda ωs shi ne gudun filin a rad/s, Xr kuma riyaktans na yoyon roto:

T = 3 × Vth² × (Rr/s) ÷ (ωs × [(Rth + Rr/s)² + (Xth + Xr)²])

A s = 1, lokacin da roto ke tsaye cak, za ka samu kusan 64.5 N·m, karant ɗin tashi kuma kimanin am 51. Ƙololuwar ƙarfin juyi kusan 92 N·m ce, a silif 0.36, wajen 960 rpm. A 1430 rpm kuwa 28.8 N·m. Rubuta waɗannan lambobi ka ajiye gefen kwamfuta, da su za ka auna duk abin da zai biyo baya.

Mataki na 2: Tuɓe wa model ɗin komai

Cire inbata, cire kwantirola, cire taransifoma. Ka bar tushen wuta mai fes uku, inji, powergui (bulok mai sarrafa lissafin da'irar) da Scope (mai zana sakamako), ka sa Tm, wato lodin da ke kan shaf, ya zama 0. A akwatin yanayin farko ka tabbata silif yana 1, don injin ya tashi daga tsaye.

Abin da za ka gani shi ne gudu ya haura ya zauna dab da 157 rad/s, karant ya sauko wajen am 4.1, Te kuma ya koma ƙasa da rabin N·m. Wannan na ƙarshen yana ruɗa mutane sosai, har su ce inji ba ya ba da ƙarfi. Lafiyarsa ƙalau. Ba ka ba shi abin ja ba, gogayyar shaf kawai yake ture wa. Haka nan wanda ya ga 157 ya ce gudu ya yi kaɗan, ya manta bulok ɗin a rad/s yake ba da gudu. A ninka da 30/π a samu rpm.

Idan roto mai naɗi ka zaɓa maimakon mai keji, duba bakin wayoyinsa uku. In a buɗe suke, karant ba ya bi ta roto, ƙarfin juyi kuwa ba zai samu ba ko ka kwana kana jira.

Mataki na 3: Ƙwace wa inji ikon gudu

Wannan shi ne matakin da ya fi kowane muhimmanci, kuma shi aka fi tsallakewa.

Dokar ɓangaren motsi ita ce J × dω/dt = Te − TL − Fω, inda ω gudu ne, TL lodi, Fω kuma gogayya. Da zarar gudu ya daidaita, ɓangaren hagu ya zama sifili, don haka dole Te ya zama daidai da lodi haɗe da gogayya. Ma'ana, idan ka sa lodin 26.7, Scope zai nuna maka kusan 27 ko alƙalumanka daidai ne ko ba daidai ba, muddin injin bai durƙushe ba. Mutum sai ya ga 27 ya yi murna, alhali kuskuren ya koma ya ɓuya a cikin gudu da karant. Da alƙaluma daidai, injin nan yana zama wajen 1435 rpm. Idan boltej ya gaza da kashi 30 cikin 100, Te zai ci gaba da nuna 27, gudu ne zai sauko wajen 1350.

Don ka ga ainihin ƙarfin injin, canza Mechanical input daga Torque Tm zuwa Speed w. Yanzu kai ke faɗa masa gudun da zai yi, shi kuma ya faɗa maka ƙarfin da yake iya bayarwa a wannan gudun. Fara da sifili, ka ba shi daƙiƙa biyu karkarwar farko ta lafa, sannan ka karanta. Ya kamata ka ga 64.5. Abin da ka gani a maimakon haka shi zai nuna maka mai laifi.

Idan ka ga wajen 32, wato rabi, ka saka 230 a inda ake neman ƙololuwar boltej. Bulok ɗin AC Voltage Source ƙololuwa yake karɓa, kuma ta fes ɗaya ita ce 400 × √2 ÷ √3 = 326.6. Three-Phase Source kuma rms yake karɓa tsakanin layi da layi, wato 400 ɗin kai tsaye. Ƙarfin juyi yana bin boltej ninki kansa, shi ya sa 0.707 ke zama rabi. In wajen 97 ka gani, ka rubuta 400 a matsayin ƙololuwar fes. In ya kai ninki uku, ka ba kowane fes 400 rms.

Kashi ɗaya cikin uku, wajen 21, yana nuna alƙaluman naɗin delta ne ka zuba a model ɗin da ke lissafi da haɗin sta (star). Sai ka raba turjiya da indoktans da 3 kafin ka saka. Ka kuma karanta farantin da ke jikin inji da kyau: mai 400/690 a delta yake aiki kan layin 400, mai 230/400 kuma a sta.

Ninki biyu, wajen 129, matsalar fol ce. Akwatin p adadin fol bibbiyu yake nema, injin fol 4 kuwa p = 2. Wanda ya rubuta 4 zai ga injinsa ya tsaya a 750 rpm, in kuma ya tilasta masa gudun 1430 sai Te ya faɗa ƙasa da sifili, domin ya mayar da shi janareta bai sani ba.

Wajen 42 kuma alamar 60 Hz ce. Yawancin bulok ɗin tushen wuta da firikwansin Amurka suke zuwa, mu kuwa a Najeriya da Nijar da Gana 50 Hz muke amfani da shi. In ka mayar da Tm, gudun da ba lodi zai tasam ma 1800 rpm.

Idan ƙarfin ya ɓace kusan gaba ɗaya kuma karant bai taka kara ya karya ba, ka saka riyaktans a inda ake neman indoktans, 1.83 a madadin 0.005839, ko kuma ka sa Ls, wanda shi ne na yoyo haɗe da Lm, a gurbin na yoyo kaɗai. In kuwa 64.5 ɗin ya fito amma da alamar ragi, jerin fes ne ya juye. Kusurwoyin su zama 0, −120, +120.

Da zarar wannan lamba ta fito daidai, ka sa Ramp ya ja gudu a hankali daga 0 zuwa 157 cikin daƙiƙa goma, ka zana Te a kan gudu da XY Graph. Tudun ya kai 92 a wajen 100 rad/s, ya gangaro ya taɓa sifili a 157. In haka ta faru, ɓangaren lantarki ya wanku. Duk matsalar da ta rage a wani wuri take.

Mataki na 4: Lodi

Mayar da Torque Tm. A wannan bulok, Tm mai alamar ƙari lodi ne, mai alamar ragi kuma tura injin yake yi ya zama janareta. Ka kuma tabbata wane bulok ka ɗauko, domin akwai na SI, mai ainihin ma'auni irin su N·m, akwai na pu, mai lissafi da kason ma'aunin injin. A na pu, rubuta 26.7 na nufin ninki 26.7 na ma'aunin injin, kuma babu injin da zai ɗaga wannan.

Juyawa da baya yakan fito daga bulok ɗin Constant. Lodin da ba ya canzawa kamar cikakken guga ne rataye a bakin rijiya: in hannunka ya gaza, shi zai ja igiyar ƙasa. Idan ka sa 70 N·m tun daga daƙiƙar farko, ya fi 64.5 na tashi, injin zai iya komawa baya ya yi ta ƙara gudu ba iyaka. Famfon rijiyar burtsatse ko fanka ba haka suke ba, lodinsu yana bin gudu ninki kansa. A nan ka rubuta TL = k × ω × |ω|, inda k = 26.7 ÷ 149.75², kusan 0.00119. In lodi tsayayye kake so, yi amfani da Step, ka bar injin ya gama tashi tukuna.

J ma yana da nasa rikici. 0.0131 na roton kaɗai ne. Duk abin da ka ɗaura a shaf sai ka ƙara nasa, in ba haka ba injin zai tashi da saurin da na gaske ba ya yi, ya zarce gudun da zai zauna, ya yi ta lilo, Te na leƙa ƙasa da sifili.

Mataki na 5: Ƙirga karkarwar

Kada ka tsaya a cewa Te yana karkarwa. Faɗaɗa zanen ka auna tazarar tudu zuwa tudu, ko ka buɗe FFT Analysis na powergui.

Karkarwar 50 Hz mai girma a farkon tashi, wadda ke raguwa har ta ɓace, gaskiya ce. Lokacin da aka jona wuta, fulaks yana zuwa da wani kaso tsayayye da ke buƙatar lokaci kafin ya mutu, kuma injin gaske ma haka yake yi, shi ne girgizar da ake ji a shaf. Ƙololuwarta tana iya wuce 92 ɗin da ka lissafa, domin lissafin takarda na yanayin da ya daidaita ne. Na sha ganin an sa mata matata don zane ya yi sumul a rahoto. Wannan goge sakamako ne, ba gyara ba.

Idan 50 Hz ɗin ta ƙi mutuwa, akwai wutar DC da ke shiga sitato. 100 Hz mai ɗorewa na nufin fes ukun ba su yi daidai ba: wani ya fi wani boltej, ko kusurwa ɗaya ta karkace, ko waya ɗaya ta kuɓuce. 300 Hz aikin hamonik na 5 da na 7 ne, kamar yadda inbata mai mataki shida ke haifarwa. Wadda ke bin firikwansin kunna-kashe na inbata ba a raba ta da PWM, dabarar samar da boltej ta hanyar kunna-kashe da sauri, sai dai a rage ta.

Saura wadda ba ta da tsari, ko mai girma a hankali har lissafi ya fashe. Ita ba ta inji ba ce.

Mataki na 6: Solver

Gwajin mai sauƙi ne: rage tsawon matakin lissafi zuwa rabi ka sake gudanarwa. In zanen ya canza, karkarwar ta lissafi ce. A yanayin Continuous ka bar ode45 ka koma ode23tb, ka kuma ƙayyade Max step size, misali 1e-4. A Discrete, daƙiƙa 50e-6 ta wadatar ga injin da ke kan layi kai tsaye, amma inbata mai 5 kHz zagayenta ɗaya 200e-6 ne kacal, don haka sai ka sauko wajen 2e-6.

Bulok ɗin injin a matsayin tushen karant yake shiga lissafi, shi ya sa ba ya jituwa da indoktans da aka jera masa kai tsaye, kamar na taransifoma ko doguwar waya. Maganin shi ne ɗan ƙaramin lodin turjiya a bakin injin, 'yan kaso kaɗan cikin 100 na ƙarfinsa. Yanayin Phasor kuma yana shafe karkarwar tashi, bai dace da mai nazarinta ba.

Mataki na 7: Idan da hannunka ka gina model ɗin dq

Model ɗin dq shi ne mai mayar da fes uku (abc) zuwa layi biyu, d da q. A nan kurakuran na lambobin ninkawa ne, kuma gwajin tsayar da roto yana tona su. Idan canjin abc zuwa dq naka mai 2/3 ne, to Te = 1.5 × p × (ψds × iqs − ψqs × ids). Wanda ya manta 1.5 zai ga 43 a madadin 64.5. Wanda ya yi amfani da canji mai √(2/3) amma ya bar 1.5 ɗin zai ga 97. Wannan yakan faru ne idan an kwaso lissafin canji daga littafi ɗaya, na ƙarfin juyi daga wani. Manta p yana ba da rabi.

Gudun da ke shiga lissafin roto na lantarki ne, ωr = p × ωm. In ka mayar da ωm kai tsaye, injin fol 4 zai tafi 3000 rpm. In alamar ƙari da ragi ta sauya a wannan gaɓa, ba zai zauna a gudunsa na gaskiya ba, ko lissafin ya watse. Ka sa fulaks ya zama abin da Integrator ke tarawa, ka fitar da karant daga gare shi. Haka za ka kauce wa bulok ɗin Derivative da gargaɗin algebraic loop.

Hanya mafi sauri ita ce ka ajiye naka gefen na Simulink, wuta ɗaya, gudu ɗaya, ka ɗebe wannan Te daga wancan.

Mataki na 8: Dawo da inbata

Fara da boltej na DC. Layin 400 da aka mayar DC yana ba da bolt tsakanin 540 da 565. PWM na sayin ba ya wuce rabin wannan a ƙololuwar fes, wato kimanin 280, alhali injin 326.6 yake nema. Ƙarfin juyi zai tsaya wajen kashi 73 cikin 100. Ko ka ɗaga DC zuwa 653, ko ka koma SVPWM, wanda ke kai Vdc ÷ √3, kusan 323 daga 560.

A tsarin V/f, inda boltej ke bin firikwansi, rauni a ƙaramin gudu ba laifin simuleshin ba ne. A 5 Hz boltej na fes 23 ne kawai, Rs kuma a am 8 yana cinye 11. Dole a ƙara boltej a ƙasa.

A FOC kuwa, inda ake raba karant gida biyu, id mai gina fulaks da iq mai ba da ƙarfin juyi, Te = 1.5 × p × (Lm/Lr) × ψr × iq, inda Lr shi ne yoyon roto haɗe da Lm, ψr kuma fulaks na roto. A injinmu id yana wajen am 5.8, fulaks na roto kusan weba 1, kowane am na iq yana ba da 2.9 N·m, don haka cikakken lodi na buƙatar am 9.2. Fulaks ɗin ba ya ginuwa nan take: Lr/Rr daƙiƙa 0.128 ne, sai ka ba shi wajen rabin daƙiƙa kafin ka nemi ƙarfi. Idan iq na bin umarni amma Te bai kai ba, kusurwar ce ta kauce. Duba gudun silif ωsl = (Rr/Lr) × (iq/id), duba ko ka ninka gudu da p kafin ka tara da shi, sannan ka duba bulok ɗin abc to dq0, domin yana da zaɓi biyu, ɗaya daidai da fes A, ɗaya digiri 90 a baya. Na zuwa da na dawowa dole su zama iri ɗaya. Te mai zarcewa bayan tashi kuma yawanci kwantirolar PI ce da aka bari ba iyaka, ta yi ta tara kuskure.

Mataki na 9: Simuleshin daidai, amma ya saɓa wa injin ɗakin gwaji

Model mai keji ɗaya yana ɗaukar Rr a matsayin lamba tsayayya, na gaske kuwa ba haka yake ba. Lokacin tashi, karant ɗin roto yana 50 Hz, yana taruwa a saman sandunan keji, turjiya ta ƙaru. A cikakken gudu firikwansinsa bai fi 2 zuwa 3 Hz ba, ta koma ƙasa. Saboda haka Rr da aka samo daga gwajin kulle roto a 50 Hz zai ba ka tashi daidai da silif mai yawa, wanda aka samo daga silif na faranti kuma zai ba ka gudu daidai da tashi mai rauni. In kana son duka biyun, zaɓi Double squirrel-cage.

Zafi ma yana da nasa kaso. Turjiyar tagulla tana ƙaruwa da kimanin kashi 0.39 cikin 100 a kowane digiri, don haka naɗin da ka auna yana sanyi a digiri 20, in ya kai 95 ya ƙaru da kusan kashi 30.

Sannan ka auna wutar da ke bakin injin da mita yayin da yake aiki, kada ka dogara da faranti. Inda layi ya sauko 340, abin da ba baƙo ba ne a ƙarshen dogon layin unguwa ko a kan janareta mai nauyi, ƙarfin tashin injin nan yana komawa wajen 47 N·m, ƙololuwa 66, gudun cikakken lodi kuma 1405 rpm. Saka 340 ɗin a tushen wutar model, ka sake kwatantawa da abin da takomita ta nuna.